Awon Zuciya da Sinadarin Nukiliya: Tarihinsa da Hanyarsa Zuwa Gaya

Awon zuciya da sinadarin nukiliya hanya ce da likitoci ke bi su ga ko jini yana isa kowane sashe na tsokar zuciya yadda ya kamata. Ana zuba wa majiyyaci ɗan sinadari mai fitar da haske marar ganuwa ta jijiyar hannu, sinadarin ya bi jini ya shige tsokar, sannan wata kyamara ta musamman ta ɗauki hotonsa daga waje. Sau biyu ake ɗaukar hoton, ɗaya lokacin da mutum yake hutawa, ɗaya bayan an sa zuciyar aiki mai nauyi, ko dai da tafiya a kan inji ko da allurar magani. Amsar tana cikin bambancin hotunan biyu. Haɗa awon aka yi guntu-guntu cikin shekaru sama da 200, a hannun mutanen da yawancinsu ba su san juna ba, kuma sai da aka ƙara wasu shekarun kafin ya iso Yamai, inda mutumin Gaya ta Nijar zai iya kaiwa gare shi.

Tushen al'amarin yana cikin halin ciwon kansa. A 1768 wani likitan Landan, William Heberden, ya bayyana wa takwarorinsa wani ciwon ƙirji da ke kama mutum yana cikin tafiya, musamman in hawa yake yi ko bai daɗe da cin abinci ba. Ciwon yakan matse shi har ya zaci ajali ne, amma da zarar ya tsaya cik sai ya sake shi. Heberden bai gano musabbabinsa ba. Edward Jenner, wanda aka fi sani da rigakafin agana, da abokinsa Caleb Parry su suka danganta shi da taurin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, Parry kuma ya rubuta haka a littafinsa na 1799. Zuciya ba ta ciyuwa da jinin da ke ratsa ɗakunanta. Tana da nata jijiyoyi, manya guda uku da rassansu, kwance a kan bayanta. Idan kitse ya taru a bangon ɗayansu hanyar ta ƙuntata, jinin da ke wucewa yakan wadatar muddin mutum yana zaune, ya gaza idan aiki ya tashi. Shi ya sa majiyyaci kan zo gaban likita garau, a saurari ƙirjinsa ba a ji komai ba, ya koma gida da ciwonsa.

Na'urar farko da ta iya kama alamar wannan ciwo ita ce ta Willem Einthoven na jami'ar Leiden a ƙasar Holan, wadda ya bayyana a 1903. Tana zana ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Nauyinta ya kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majiyyaci kuwa yana zaune da hannuwa biyu da ƙafa ɗaya tsome cikin bokitan ruwan gishiri. An ba Einthoven kyautar Nobel a 1924. Likitoci sun lura zanen yana sauya kama lokacin da ciwon ƙirji ya taso, ya koma daidai in ya lafa, don haka suka fara tsokano ciwon da gangan. A 1928 Harold Feil da Mortimer Siegel na Cleveland suka riƙa sa majiyyata motsa jiki suna duba zanen. A 1929 Arthur Master na New York ya fito da wata matakala mai hawa biyu, kowane hawa kimanin santimita 23, mutum ya yi ta hawa da sauka na minti ɗaya da rabi. An shafe shekaru fiye da talatin ana aiki da wannan katako.

Robert Bruce na jami'ar Washington da ke Seattle shi ya maye gurbinsa a 1963 da injin tafiya, wato bel mai gudana ƙarƙashin ƙafa, tare da tsarin da har yau ake kira da sunansa. Ana farawa da saurin kilomita 2.7 a awa a kan tudu mai kashi 10 cikin 100. Bayan minti uku a koma kilomita 4 da tudu kashi 12, bayan wasu ukun kilomita 5.5 da kashi 14, haka har mutum ya kai iyakarsa. Amfanin tsarin shi ne an auna kowa da mudu ɗaya. Sai dai zanen lantarki shi kaɗai yana da rauni: kusan ɗaya cikin uku na masu toshewar jijiya yakan kuɓuce masa, wani lokaci ya ɗora wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi, musamman mata, kuma ba ya faɗar takamaiman wurin da jini ya gaza.

Cike wannan giɓi daga wani fage daban ya fito. Bayan Henri Becquerel ya gano a 1896 cewa yuraniyam yana fitar da haske da kansa, Marie da Pierre Curie kuma suka gano rediyam a 1898, wani masani ɗan ƙasar Hungari, George de Hevesy, ya fahimci cewa irin wannan sinadari zai iya zama alama. Idan aka gauraya ɗan kaɗan da wani abu, duk inda abin ya tafi hasken zai tona shi. A 1923 ya bi sawun dalma a cikin saiwa da ganyen wake ta wannan hanya, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1943. Likita na farko da ya gwada dabarar a jinin mutum shi ne Hermann Blumgart na Boston, a 1925, kuma da jikinsa ya fara. Ana zuba sinadarin a hannu ɗaya a jira ya bayyana a ɗayan. Shi da Soma Weiss sun samu cewa a jikin mai lafiya tafiyar takan ɗauki kimanin sakan 18, ta fi haka tsawo ga wanda zuciyarsa ta gaza.

Abu biyu suka rage: sinadarin da ba zai daɗe a jiki ba, da idon da zai gan shi. Sinadarin shi ne teknetiyam, wanda Emilio Segrè da Carlo Perrier suka gano a Palermo ta Italiya a 1937. Shekara guda bayan haka Segrè da Glenn Seaborg suka ware nau'insa mai lamba 99m a Berkeley. Wannan nau'i rabin ƙarfinsa ke zagwanyewa duk awa shida, abin da ya sa ya dace da jikin ɗan Adam, ya kuma sa ba a iya ajiye shi ko aika shi nesa. A 1958 Walter Tucker da Margaret Greene na cibiyar Brookhaven suka samo mafita. Teknetiyam daga wani sinadari yake haifuwa, molibdinam 99, wanda shi rabin ƙarfinsa sai bayan awa 66 yake tafiya. Sai a aika wa asibiti uwar a cikin tukunyar dalma, kowace safiya ma'aikaci ya tura ruwan gishiri ta ciki ya tatso abin da aka haifa cikin dare, kamar yadda ake tatsar saniya. Idon kuwa Hal Anger ne ya ƙera shi a Berkeley a 1957: faifan wani gishiri mai kama da gilashi da ke ƙyallawa duk sanda hasken sinadarin ya faɗa masa, da jerin bututu a bayansa masu lissafa daidai inda ƙyallin ya auku. Yawancin kyamarorin da ke aiki a yau jikokin tasa ne.

A 1973 hanyoyin biyu, awon motsa jiki da na sinadari mai haske, suka haɗu. Barry Zaret da William Strauss da abokan aikinsu suka zuba wa majiyyata fotasiyam mai haske suna tsakiyar motsa jiki, suka ga wani sashe na zuciya ya dushe a hoton aiki ya cika a hoton hutu. Taliyam 201, wanda Elliot Lebowitz ya gabatar daga Brookhaven a 1975, ya fi ba da hoto mai kyau, shi ya mamaye fagen wajen shekara goma sha biyar. Bayanin dalilin da ya sa awon ke aiki daga Lance Gould ya zo, a 1974, bayan gwaji a kan karnuka. Ya nuna cewa jijiya mai lafiya tana iya ninka jinin da take kaiwa sau uku zuwa huɗu idan buƙata ta taso. Wadda ta ƙuntata da wajen rabi ta fara rasa wannan iko, alhali jinin lokacin hutu ba ya raguwa sai toshewar ta kai kusan kashi 85 cikin 100. Daga nan Gould ya yi wani tunani mai amfani ga tsofaffi da guragu: tunda buɗewar jijiya ake nema, magani zai iya yin abin da gudu ke yi. A 1978 ya nuna haka da difiridamol. Adenosin ya biyo baya, sai regadenoson a 2008. A 1990 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sestamibi, wani mahaɗi mai ɗaukar teknetiyam ya kai shi cikin tsokar zuciya, tetrofosmin kuma a 1996. Kafin nan an riga an koya wa kyamarar zagaya jiki, kwamfuta ta yanka hoton zuciya fala-fala. Siffar awon ta yau ke nan.

Duk wannan an yi shi ne don ciwon da ke kashe mutanen Turai da Amurka. A Afirka ta Yamma likitocin zamanin mulkin mallaka da na asibitocin koyarwa na farko, irin su Ibadan da Dakar, sun rubuta cewa toshewar jijiyar zuciya abu ne da ba kasafai ake gani ba. Abin da ya cika gadajen asibiti shi ne hawan jini da lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, sai kuma gazawar zuciyar masu jego. A kan wannan na ƙarshe ne ƙasar Hausa ta shiga littattafan likitanci na duniya. A Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan ciwon da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai ɗora wa jiki gishiri. A Yamai Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun yi nazarin ciwon a yammacin Nijar. Babu ɗaya cikin waɗannan cututtuka da ke buƙatar sinadarin nukiliya kafin a gane shi.

Lamarin ya sauya da sauyin rayuwa. Babur da mota sun rage tafiyar ƙasa, mai da sukari da ɗunƙulen miya sun yawaita a tukunya, taba sigari ta bazu, ciwon suga da ƙiba suka samu wurin zama a birane da garuruwan kasuwa. Wani ɓangare na ƙarancin da aka rubuta a da ma rashin kayan awo ne ya jawo shi, domin wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona ko a rumfa ba ya shiga lissafin kowane asibiti. Har yanzu mai jin nauyi a ƙirji yakan ce olsa ce ko ƙwannafi, ya jiƙa kanwa ya sha, ko ya je wanzami ya yi masa ƙaho, ya daɗe yana wannan kafin wani ya tambaye shi ko tafiya ce ke tayar da ciwon.

A Nijar, gidan wannan fanni shi ne Cibiyar Sinadarai Masu Haske ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, wadda aka kafa a 1984, aka kuma raya sashenta na likitancin nukiliya da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya mai mazauni a Biyana.  A Najeriya an buɗe cibiyar likitancin nukiliya ta asibitin koyarwa na Ibadan a 2006, kuma shekaru da dama ita da ta Babban Asibitin Ƙasa na Abuja su kaɗai ne na gwamnati a ƙasar. Mutumin Gaya yana zaune ne a mahaɗar ƙasashe uku, ga Malanville ta Benin a tsallaken kogi, ga Kamba ta jihar Kebbi nan kusa, amma idan maganar wannan awo ce, hanyarsa mafi kusa ita ce ta Dosso zuwa Yamai, kusan kilomita 300.

Ƙarancin cibiyoyin ba tsadar kyamara kaɗai ta jawo shi ba. Kyamara in an saya an saya, sinadarin kuwa kullum sai an sake. Molibdinam 99 ana samun sa ne ta hanyar fasa yuraniyam a cikin tukwanen nukiliya na bincike, waɗanda masu wadata kasuwar duniya ba su kai goma ba: Petten a Holan, Mol a Beljiyam, Pelindaba a Afirka ta Kudu, da wasu a Polan da Cek da Ostireliya. Daga ranar da aka fito da shi yana asarar kusan kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa kowace awa. Bayan kwana bakwai abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Jinkirin jirgi na yini ɗaya, ko kwana biyu a hannun kwastan, asara ce da ba a mayarwa, an kuma riga an biya kuɗin. Saboda haka cibiyoyin da ke nesa da masana'anta sukan tara majiyyata su kira su a kwanakin da tukunyar dalma mai ɗauke da molibdinam ta sauka, ranar awo ta zama ranar da kaya suka iso. Ko ƙasashe masu arziki sun ɗanɗana wannan a 2009 da 2010, lokacin da tukunyar Chalk River ta Kanada ta tsaya fiye da shekara guda, ta Petten ma ta shiga gyara, asibitoci suka yi ta ɗage awo. Nijar kuwa tun 1971 take haƙo yuraniyam a Arlit, ta ƙara da mahaƙar Akouta daga 1978 zuwa 2021. Amma tsakanin garin dutsen da ake lodawa a arewa da ɗigon da ake zuba wa majiyyaci akwai tacewa da ingantawa da fasawa, kuma babu ɗayansu da ake yi a ƙasar.

Shirin awon yana da ƙa'idoji da yawa, amma wadda ta fi shafar mutanen wannan yanki ita ce ta kafeyin, kuma tana da alaƙa da tsohon tarihin garin. Gaya tana ƙasar Dendi, a bakin Kwara, inda Kyangawa da Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani suka cuɗanya. Tun kafin a gina gadar Malanville a ƙarshen shekarun 1950, mashigin nan yana cikin wuraren da fataken Kano da Sakkwato da Jega ke ƙetare kogi a kan hanyarsu ta Gwanja, tare da Illo da Yawuri. Suna ratsa Bargu da Jugu da Sansanin Mango da Yandi su kai Salaga da kanwa da tufafi da fatu, su juyo da jakuna ɗauke da goro, tafiyar watanni. Hanyar ta mutu, goron bai bar bakin mutane ba. Shi ake rabawa a suna da ɗaurin aure, shi direban babbar mota ke tauna kada barci ya sace shi, shi tsohuwa ke ƙullewa a bakin zane. Kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro kafeyin ne.

Magungunan da ke buɗe jijiyar zuciya a wannan awo suna aiki ne ta wasu ƙofofi a bangon jijiya da adenosin ke taɓawa. Kafeyin yana zama a waɗannan ƙofofi ya tare su. Idan yana cikin jini, maganin ba zai buɗe jijiya sosai ba, hoton aiki ya yi kama da na hutu, mai toshewa ya tafi gida da takardar lafiya. Kuskure ne mafi muni da awo zai iya yi. Don haka ake hana duk abin da ke ɗauke da kafeyin na aƙalla awa 12, cibiyoyi da yawa ma awa 24. Takardun shiri da aka rubuta a Turai kofi da cakulan suke ambata. A nan jerin ya haɗa da goro, da koren shayin da ake dafawa a majalisa kofi uku, da Lipton da Nescafé na teburin mai shayi, da Coca-Cola da lemukan ƙara kuzari, da wasu ƙwayoyi da garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a tireda. Wanda aka tambaya ko ya sha kofi zai ce a'a da gaskiyarsa, ɓarin goro yana kumatunsa. Tambayar da ta dace ita ce a ce, Baba, tun jiya an ci goro? Hanin ya shafi har wanda aka shirya wa injin tafiya, domin in ya kasa kaiwa inda ake so, allura za a koma.

Sauran shirin bai kai wannan sarƙaƙiya ba. Ana barin abinci awa uku zuwa huɗu kafin awo, ruwa dai ana sha. Mai ciwon suga yana buƙatar likita ya daidaita masa insulin ko ƙwayoyinsa da wannan yunwa. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna rage gudun bugu, likitan da ya tura mutum shi zai ce a dakatar da su ko a ci gaba, ba majiyyaci ke yanke wannan da kansa ba. Mai asma ya faɗa tun da wuri, domin adenosin da difiridamol suna iya shaƙe shi, a irin wannan hali dobutamin ake ba shi, mai sa zuciya gudu. Mace mai ciki ba a yi mata awon, mai shayarwa kuma a gaya mata yadda za ta yi da nono a ranar. Tunda akwai shan ruwa da ɗan cin abinci tsakanin hotuna, awon ba ya haɗuwa da azumi. Babbar riga da zane da silifas ba su dace da bel mai gudu ba, wando sakakke da takalmi rufaffe ake so. Wanda ya taso daga Gaya yakan kwana a Yamai, don da safe ake farawa.

A ranar, ma'aikaci yana sa ƙaramar roba a jijiyar hannu. A tsarin yini ɗaya da aka fi bi, ana fara zuba ƙaramin kaso na sinadarin, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya, a ba mutum ruwa ko madara don hanta da hanji su sauke nasu rabon kada haskensu ya rufe na zuciya. Sannan ya kwanta rigingine a kan siririn gado, hannuwa sama da kai, an cire laya da sarƙa da waya da tsabar kuɗi daga ƙirji. Kan kyamarar, faffaɗan akwati, yana matsowa dab da haƙarƙari ya riƙa juyawa sannu a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, har ya yi rabin da'ira cikin minti 15 zuwa 20. Babu zafi, babu ƙara mai yawa. Wahalar kawai ita ce kwanciya ba motsi, don tari ɗaya mai ƙarfi yana iya sa a sake daga farko.

Sai kashi na biyu. Ana manna wayoyi goma a ƙirji da ciki, a aske gashi in ya hana su kamawa, a ɗaura abin awon jini a damtse. Iyakar bugun da ake ƙiyasta wa mutum ita ce 220 a cire shekarunsa, ana kuma son ya kai kashi 85 cikin 100 na wannan. Ɗan shekara 60 iyakarsa 160 ce, abin nema 136 a minti. Likita yana tsaye idonsa a kan allo, yana tambaya ko ƙirji ya fara nauyi. Da an kai ƙololuwa sai a tura kaso na biyu na sinadarin, wanda ya ninka na farko wajen sau uku, a ce wa mutum ya daure ya ci gaba da tafiya minti ɗaya ko biyu, don sinadarin ya zauna a tsoka jini yana kan ganiyarsa. Wanda aka yi wa da magani yana kwance ko zaune: difiridamol minti huɗu ake tura shi, adenosin shida, regadenoson cikin 'yan sakanni. Yakan ji fuska ta ɗau zafi, kai ya sara, numfashi ya yi sama-sama. Yawanci abin yana wucewa cikin mintuna, in ya ƙi akwai aminofilin a ajiye, wanda dangin kafeyin ne, shi ya sa yake karya maganin. Bayan ɗan jira a koma ƙarƙashin kyamara. Gaba ɗaya awa uku zuwa huɗu ne, wasu cibiyoyin kuma suna raba shi kwana biyu, musamman ga mai jiki.

A allon kwamfuta bangon zuciya yana fitowa zobe-zobe masu launi, jerin aiki a sama, jerin hutu a ƙasa. Zoben da ya cika a duka biyun alamar wadatar jini ce, kuma binciken shekaru ya nuna mai irin wannan sakamako haɗarin bugun zuciya ko mutuwa ta dalilinta bai kai kashi ɗaya cikin 100 a shekara ba. Gurbin da ya bayyana a aiki ya cike a hutu yana nufin tsoka tana da rai amma jijiyarta ta ƙuntata. Gurbin da ya tsaya a duka biyun galibi tabon tsohon bugu ne, wanda wani sa'in mai shi bai ma san ya yi ba, abin da ya fi yawa ga masu suga. Wurin gurbin yana nuna wace jijiya ce cikin ukun. Awon yana da nasa makafin wurare. Nono ko tantanin da ya raba ƙirji da ciki kan tare haske su ƙirƙiro gurbin ƙarya, idan kuma jijiyoyin uku duk sun ƙuntata daidai wa daida, zoben kan fito sumul saboda babu sashe mai lafiya da za a gwada shi da shi.

Hasken da jiki ke sha a awon teknetiyam na yini ɗaya yana wajen milisibat 10, kwatankwacin abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara huɗu, tunda matsakaicin duniya 2.4 ne a shekara. Bayan awa 24 kashi 6 cikin 100 na ƙarfin sinadarin ne ya saura, wani kuma ya riga ya fita ta fitsari da bayan gida. Ana so mutum ya yawaita shan ruwa, ya rage rungumar jarirai a wannan yini. Na'urorin binciken filin jirgi da na wasu iyakoki suna iya jin sa har kwana biyu ko uku, don haka matafiyi ya karɓi takardar shaida daga asibiti.

Wanda aka ga babban gurbi a hotonsa, mataki na gaba shi ne zura siririn bututu har bakin jijiyar a ɗauki hotonta kai tsaye, dabarar da Mason Sones ya faro a Cleveland a 1958. Daga nan ko a buɗe toshewar da balan-balan, kamar yadda Andreas Grüntzig ya fara a Zurik a 1977, ko a yi tiyatar kewaye ta. Mai ƙaramin gurbi yawanci magani ne rabonsa: asfirin, da mai rage kitsen jini, da na hawan jini da suga, da barin taba, abubuwan da asibitin gundumar Gaya ko na jihar Dosso ke iya bibiya. Awon nukiliya ba na kowane mai ciwon ƙirji ba ne. Wanda ciwon ya kama yanzu yana zufa gaggawa yake buƙata, wanda alamunsa ba su yi kama da na zuciya ba kuma awon jini da zanen lantarki sun ishe shi. Na tsakiya ne ake turawa, wanda ake shakka a kansa. Ko a nan ma akwai wasu hanyoyin da suka taso daga baya: hoton zuciya da sautin da kunne ba ya ji, wanda ake ɗauka kafin motsa jiki ko allurar dobutamin da bayansu, da hoton sikana na jijiyoyin kansu. Na farkon ba ya buƙatar sinadarin da ke jiran jirgi, injinsa kuma yana shiga bayan mota, sai dai ingancin sakamakonsa ya dogara ƙwarai ga gwanintar hannun da ke riƙe da shi.